Takardar Da Giya Ta Tauna

Shafi na 6

Injiniya, kai ka niƙe takardar ɗana. Da hannunka ka cusa ta a bakin giyar mota ka murza. Na san kana karanta abin da nake rubutawa a nan, don an gaya min kai ne mai hoton sifana da ke ta aiko saƙo wai in goge shafi na biyar. Ba zan goge ba. Ga na shida.

Ku kuma masu cewa "Inna a ci gaba, Inna kin bar mu a rataye," ku yi haƙuri da ni. Da yatsa ɗaya nake rubutu. Wata goma sha huɗu ke nan da na fara riƙe fensir, kuma shekarata sittin da uku. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Waɗanda suka shigo yau, ga abin da ya wuce ku. Dogo ɗana ne na fari. Ya rasu bara. Mutum da gemunsa da aikinsa, amma motar wasa mai rimot yake tuƙawa, irin mai ƙartan tayoyin nan da ke hawa kan dutse ta yi tsalle. Shi da abokansa, duk magidanta. A asibiti ya sa aka kawo masa motar, ya naɗe takarda ya sa a gidan batir, ya ce, "Inna, ba wanda zai karanta miki. Ke za ki karanta da kanki." Abin da ya kai ni ajin manya ke nan. Makon jiya malama ta ce na iya. Na dawo gida na hau kujera, ba mota a kan kabad. Auta, ƙanensa, wanda direba ne, ya ɗauke ta ya kai shagon Injiniya, abokin Dogo, a sa mata sabon inji. Wai za su yi tsere don tunawa da marigayi.

Jiya a shafi na biyar na tsaya a inda na buɗe gidan batir a shagon. Sabon batir ne a ciki, ƙato, ya cika gidan fal. Ba takarda.

To.

Na ce, "Ina takardar?"

Ya ce, "Wace takarda, Inna? Ki zauna tukuna, ga kujera."

"Ban zo zama ba. Akwai takarda a nan."

"Wallahi da aka kawo min ita ba komai a ciki sai tsohon batir."

Ya faɗi haka yana kallon idona. Na san maƙaryaci, na raini 'ya'ya biyu maza. Wannan bai yi kama da ƙarya ba. Na tsaya ina kallon motar. An cire mata riga, tana kife a kan katako kamar kazar da aka fige. Tayoyin ne kawai na gane. Ni nake wanke su da tsohon burushin haƙori duk wata.

Shirun ya dame shi, sai ya fara surutu.

"Inna, ki ga aikin da muka yi mata. Dogo zai ji daɗi. Kin ga tsohon injin, waya biyu gare shi, kuma a cikinsa akwai wasu 'yan gawayi biyu da ke goga a jikin ƙarfe. Burushi muke ce musu. Suna gogawa suna cinyewa, suna tartsatsi, suna zafi. Wannan sabon ba burushi. Ba abin da ke taɓa wani abu a cikinsa. Waya uku, ki gani. Gudun da take yi yanzu ya ninka na da sau uku."

Na ce, "Ina za ta da take sauri?"

Ya yi dariya. Ya ga ban yi ba, ya haɗiye.

"Dogo da kansa ya so ya canza. Kullum yana cewa in ya samu sauƙi."

"Bai samu ba."

"Haka ne. Allah ya jiƙansa."

"Ina tsohon injin?"

Ya jawo dirowa ya miƙo min. Bai kai kwalbar turare ba. Na shinshina. Warin ƙonanniyar waya, warin da ke bin Dogo cikin ɗaki duk ranar hutu ina yi masa faɗa ya buɗe taga. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na sa shi a jaka.

Na ce, "Ci gaba. Me kuma kuka yi mata?"

Ku fahimce ni. Ba son jin labarin inji nake ba. Amma in mutum yana magana, hannunsa da idonsa suna zuwa wurin da bakinsa ke gudu. Sai na bar shi.

Ya ce, "Ai sa inji shi ne mai sauƙi. Matsalar ita ce sauran jikin ba ya ɗaukar ƙarfinsa. Ranar farko da muka gwada a bayan shago, minti ɗaya ba ta yi ba babbar giyar ta zubar da haƙora. Ta roba ce. Ga ta."

Ya nuna min wani faifai baƙi, gefensa sumul kamar dasashin tsohuwa.

"Muka sa ta ƙarfe. Sai sandunan da ke kai juyi ga tayoyi suka murɗe kamar wankakken zane. Muka sa na ƙarfe su ma. Muka buɗe akwatin giyar gaba da na baya muka cika da giris mai kauri. Sai kuma injin ya fara zafi, ba ka iya ɗora yatsa. Dole muka rage ƙaramar giyar, muka sa mai haƙora kaɗan. Sau uku ina kwance injin nan ina ɗaurawa, Inna. Sau uku ina saita giya."

"Mene ne saita giya?"

"Ƙaramar giya tana jikin inji, ita ke juya babbar. To haƙoransu ba a son su matse, ba a son su yi nisa. In sun matse, inji ya ƙone. In sun yi nisa, haƙora su zube. Ɗan fili ake bari a tsakani, kamar kaurin..."

Ya tsaya.

"Kaurin me?"

Idonsa ya tafi kan gwangwanin giris. Na bi idon. Akwai wani abu manne a murfin, siriri, baƙi, mai tudu da kwari kamar kwanon rufi.

Na ce, "Kaurin me, ɗan nan?"

"Kaurin takarda."

A waje wani yana hura taya, injin iska yana ta tari. Na ji shi sarai. Na ji fankar shagon tana ƙiƙi. Na ga ƙuda a kan kofin shayinsa. Duk na ga waɗannan.

Na buɗe jaka na fito da littafin ajinmu. Na yago shafi ɗaya, wanda na rubuta kwanakin mako a kai. Na miƙa masa.

"Nuna min."

"Inna, don Allah."

"Nuna min yadda ake yi. Ai kai injiniya ne."

Ya yagi siririn yanki. Ya sassauta noti biyu a gindin inji. Ya sa takardar tsakanin giyoyin, ya tura injin da babban yatsa har haƙoran suka kama ta, ya ɗaure noti. Sai ya murza babbar giyar. Takardar ta shige ta nan ta fito ta can. Ta fito a tattaune, giris ya bi layin haƙora ya yi baƙi. Inda na rubuta Talata ya zama tabo.

Ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Dogo ne ya koya mana. Dukanmu. Ya ce ba a yi da jarida, ta yi laushi. Ba a yi da kwali, ya yi kauri. Sai takardar littafin makaranta."

Da irin takardar Dogo ya rubuta min. Daga littafin da ya saya min tun yana da lafiya, lokacin da nake ce masa ni da karatu sai a lahira.

Na ɓamɓare wadda ke kan murfin giris. Na ce, "Sau uku ka ce. Ina biyun?"

"Bari in duba miki."

"Kada ka taɓa."

Na durƙusa gaban kwandon shara. Gwiwata ba ta son durƙuso, amma ranar ba ta ce komai ba. Na juye kwandon a ƙasa. Guntayen waya, ledar biskit, tsumma, ɓawon lemo, haƙoran roba. Na samu ɗaya a naɗe cikin tsumma. Ɗayar tana ƙarƙashin benci, an taka ta da takalmi.

Wani ya leƙo da rediyo a hannu yana cewa, "Injiniya, wannan ta sake..." Ya gan ni a ƙasa cikin shara. Ya koma da baya.

Na jera su uku a kan gilashin kanta. Na shafe su da gefen hannu a hankali. A kwance aka yage su, kowace da layi biyu ko uku. Bakin yagar farko ya dace da na biyu, na biyu ya dace da na uku.

Wata goma sha huɗu ina shirya ranar nan. Na ce zan yi wanka, in sa turare, in rufe ƙofa, in zauna a bakin gadonsa. A tsaye na karanta, a shagon da ke warin dalma, da giris a yatsuna.

Na ɗora yatsa kamar yadda malama ta koya mana.

Ta farko haƙora sun bi ta ƙasa, layin sama ya tsira.

"Inna. In kina karanta wannan, to kin kayar da ni. Na ce ba za ki..."

Sauran baƙi.

Dogo ya yi ƙarya ma. Bai taɓa cewa ba zan iya ba. Ni nake cewa. Tsokana ce irin tasa, har a takarda.

Injiniya ya juya baya yana share hanci da hannun riga. Na ce, "Kada ka yi min kuka a nan. Ban yi ba, ba za ka riga ni ba."

Ta biyu ita ce ta kan murfin giris. Ta sha mai har ana ganin gilashi ta cikinta. Na ɗaga ta sama wajen fitila. Na juya. Kalma biyu na iya cirowa, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. "Likita." Sai "ban faɗa." Tsakaninsu ba komai. Ban san me likita ya ce ba. Ban san wa bai faɗa wa ba.

Ta uku, wadda aka taka. An matse giyar da yawa a kanta, haƙoran sun huda ta kamar ɗinkin keke ba zare. Amma farkon layin ƙarshe yana nan, da manyan baƙaƙe, don ya san idona.

"Kada ki bari Auta"

Na sake karantawa. Na sake. Na ce ko ni ce ban iya ba. Na haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi kamar a aji. Bai canza ba.

A nan takardar ta ƙare. Bakinta na ƙasa ba yankan littafi ba ne. Yaga ce.

Na ce, "Akwai ta huɗu."

Ya kawar da kai.

"Ka karanta ta?"

"Wallahi tallahi ban karanta ko ɗaya ba."

"Amma ka ga rubutu."

"Na gani. A ta biyu na lura."

"Ka san hannun wa ne?"

"Shekara goma sha biyu muna tare, Inna. Na sani."

"Ka sani ka ci gaba."

"Na ɗauka lissafin giyarsa ne. Yana rubuta su a ko'ina, haƙora nawa da haƙora nawa, har a bayan kwalin magani. Na ce a raina, kai, takardar Dogo ce za ta saita motar Dogo. Har daɗi na ji. Na ce albarka ce."

"Albarka."

"Haka na ɗauka."

Shi ya sa na ce kai ka niƙe ta, Injiniya, kuma ba zan janye ba. Ka ga rubutun mamaci. Daƙiƙa nawa zai ɗauke ka ka karanta layi ɗaya? Kai da ka yi makaranta. Ni wata goma sha huɗu ya ɗauke ni.

Na ce, "Ɗazu ka rantse ba takarda a cikin motar."

"Babu. Ban yi miki ƙarya ba."

"To daga ina ta fito?"

"Miƙo min aka yi."

"Aka yi. Aljani ne?"

"Inna, kada ki sa ni tsakanin ku."

"Ka riga ka shiga. Wa ya miƙo?"

Ya ɗauki sukurudireba ya ajiye. Ya sake ɗauka.

"Auta yana tsaye nan inda kike. Na ce ina neman takardar littafi, tawa ta ƙare. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa."

"Aljihu."

"Eh."

"Ba gidan batir ba."

"Aljihu. Ya fito da ita a naɗe. Ya juya baya ya yaga, ya miƙo min yanki a kife. Washegari da giyar ƙarfe ta zo ya sake ba ni. Rana ta uku ma haka. Kullum yana nan in za a saita giya. Har na yi masa tsiya, na ce direba ya bar mota mai mutane ya zo gadin ta wasa."

"Ta huɗun?"

"Na ce ya bar min ita ko za a sake buƙata. Ya ce a'a. Ya mayar aljihu."

Na zauna a kujerar da na ƙi ɗazu.

Auta yana ɗakin asibitin ranar da Dogo ya sa takardar. Shi ya riƙe masa motar ma, don hannun Dogo ba ya iya ɗaga ta. Ya ji abin da ya ce.

Auta ne ke kai ni aji a motarsa, Litinin da Laraba, bai taɓa fashi ba. Matan ajinmu suna cewa na yi sa'ar ɗa. Kullum a hanyar dawowa sai ya tambaya. "Inna, yau me aka koya? Kin fara haɗa jimla? Karanta min allon can." In na kasa sai ya yi dariya ya ce a hankali, ba sauri. Ran da na karanta masa allon kantin magani daga sama har ƙasa ban tsaya ba, bai yi dariya ba. Ya ce madalla. Kwana biyu bayan nan, ashe, mota ta bar kan kabad. Ni ban ɗaga kai ba sai makon jiya.

Ina zaune ina jera wannan a kaina sai ga shi.

Ya shigo da baya yana ture ƙofa da kafaɗa, rungume da rigar motar, an yi mata sabon fenti ja. Yana cewa, "Injiniya, ka ga yadda mai fenti ya..." Ya juyo.

An rubuta DOGO a gefen da farin fenti. Na karanta. Yanzu komai karantawa nake, ko ban so ba.

Ya gan ni. Ya ga shara a ƙasa. Ya ga guda uku a kan kanta.

"Inna."

"Na'am."

"Me ya kawo ki nan? Ai na ce zan kawo miki ita gida."

"Na zo karatu."

Ya kalli Injiniya. Injiniya ya kalli fanka.

Na ce, "Zo ka ji ko na iya. Kai kake min jarrabawa." Na ɗora yatsa a ta uku. "Kada. Ki. Bari. Auta. Daidai ne?"

Ya tsaya yana kallon yatsana.

"Na karanta daidai ko akwai gyara?"

"Daidai ne."

"To ƙarasa min."

"Inna, ba a nan ba."

"A nan aka tauna ta. Ƙarasa."

Hannunsa na dama ya tashi ya dafe aljihun ƙirji. Bai san ya yi ba. Tun yana ƙarami haka yake, in ya ɓoye abu sai ya dafa wurin.

Na miƙa hannu. Ban tashi ba, ban ɗaga murya ba. Na buɗe tafin kawai.

Ya ajiye rigar motar a kan benci a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya ce, "Ya ce ke za ki karanta. Bai ce yaushe ba."

Ya fita.

Na ji ya tada mota. Na ji ya yi baya, ya taka wani gwangwani, ya tafi. Hannuna yana nan a buɗe har Injiniya ya ce, "Inna, ya tafi."

Na sa guda ukun a tsakiyar littafina na rufe. Rimot ɗin motar yana rataye a ƙusa, Dogo ya naɗe mariƙinsa da baƙin salatif inda ya tsage. Na sauke shi na sa a jaka tare da tsohon inji.

Injiniya ya ce, "Inna, tseren fa? Mutum ashirin za su zo saboda shi."

Na ce, "Su zo."

Yau kwana biyar Auta bai kwana a gida ba. Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Ina dafa abinci na mutum biyu in rufe nasa, da safe in ba kajin maƙwabta. Mutane suna tambaya a nan wai yaya nake ji. Ba na jin komai. Ina share ɗaki. Ina zuwa aji a ƙafa. Malama ta ce rubutuna ya gyaru.

Wasunku za su ce wataƙila abin kirki ne, wataƙila Dogo cewa ya yi kada in bari Auta ya yi baƙin ciki. Wataƙila. Amma ba a kai abin kirki bakin giya sau uku. Wasu za su ce in yafe, ɗa ɗaya ya rage min. Na san nawa suka rage min. Ni na haife su.

Gobe ne tseren. Injiniya, an ce min kana da wani rimot da za ka iya haɗa ta da shi. Ka haɗa ka gani. Zan zo filin da kujerata in zauna a tsakiyar hanya, motar ta bi ta kaina da gudunta sau uku.

Kai kuma Auta, na san kana nan. Na ga alamarka a ƙarƙashin shafi na biyar, ka karanta ka fita. Ba na son ka faɗa min a waya. Ba na son ka rubuto. Ba na son ka karanta min. Yayanka ya ce ni zan karanta, kuma na iya.

Ka kawo min ta huɗun kafin a tada motar nan. Ka tsaya a gabana in ɗora yatsa.

Me ya ce kada in bari ka yi?